Wane Ne Babba a Gidan Kyarkeci?

Jama'a, karatunmu na yau a kan kyarkeci ne. Za mu duba yadda su ke zama da junansu a daji, da wanda ke gaba, da wanda ke bi, da kuma abin da ya sa a ke bin na gaban. Yaran ƙasar Yauri na yanzu ba su san dabbar nan ba, sai dai su ji sunanta a bakin manya. Manyan ma da yawa ji su ke yi. Saboda haka sai mu fara da kamanninta.

Dabba biyu, suna ɗaya

Sunan nan kyarkeci dabba biyu ke amsa shi. Na fari shi ne na ƙasarmu, mai sunan tun asali. Girmansa kamar na babban kare ne, amma ya fi kare dogayen ƙafafu. Kunnuwansa manya ne, kewayayyu, a tsaye. Jikinsa dabbare-dabbare ne, baƙi da ja-ja da fari, kuma ba a samun biyu masu zane iri ɗaya. Bakin wutsiyarsa fari ne. Yatsu huɗu gare shi a ko wace ƙafa, kare kuwa biyar gare shi a ƙafar gaba. Nauyinsa ya kan kai kilo 20 zuwa 30.

Na biyu yana ƙasashen sanyi, watau Turai da Asiya da Amurka ta Arewa. Ya fi namu girma, ya kan kai kilo 40, wani ma ya wuce. Gashinsa toka-toka ne mai kauri, saboda sanyi. Babu shi a dajinmu. Da Hausawa suka ga hotonsa a littafi, sai suka ara masa sunan namu. Daga irin wannan ne karen gida ya fito, tun shekaru dubbai da suka wuce. A cikin darasin nan za mu riƙa ce masa kyarkecin Turai, ɗayan kuwa mu ce kyarkecinmu.

Duka biyun ba su zama ɗai-ɗai kamar damisa. Garke su ke yi, su yi farauta tare, su kwana tare. To, duk inda aka taru sai an sami na gaba. Ta yaya a ke zama na gaban?

Abin da aka gani a cikin shinge

Duk wanda ya taɓa watsa wa kaji tsaba ya san amsa guda. Akwai kazar da ke saran kowa, ba mai saranta. Akwai ta biyu, ita ma tana saran kowa ban da ta farin. Haka abin ke sauka har kan 'yar ramammiya, wadda ba ta cin tsaba sai an watse. Wani masani mutumin ƙasar Norwe ya zauna ya ƙidaya wannan jeri na kaji, ya rubuta shi a 1921. Daga nan masana suka shiga neman irinsa a cikin sauran dabbobi.

Wani daga cikinsu, Rudolf Schenkel, mutumin Suwizalan, ya je gidan ajiye namun daji na birnin Bazel. A can akwai kyarketan Turai a tsare cikin shinge, wani lokaci har guda goma, a fili mai faɗin mita 10 da tsawon mita 20. Ya daɗe yana kallonsu. Ya ga suna harara, suna gurnani, suna cizon juna, har namiji guda da mace guda su danne sauran. Ya buga abin da ya gani a 1947. Aka sa wa na saman nan suna alfa. Ba Alfa irin na malamai ba, wanda mu ke ji a bakin Nufawa da Zabarmawa da Yarbawa. Wannan sunan harafin farko ne na rubutun Girkawa, kamar mu ce alif.

A 1970 wani Ba'amurke, David Mech, ya rubuta babban littafi a kan kyarkeci, ya sa wannan bayani a ciki. Littafin ya karɓu ƙwarai. Magana ta bazu duniya, wai a gidan kyarkeci mai ƙarfi ke mulki, wai kullum na ƙasa yana jiran ranar da zai ka da na sama. Masu horon karnuka suka ɗauka. Har waɗansu mutane suka riƙa kafa hujja da ita don su taka 'yan uwansu.

Amma ku lura da wurin da aka yi kallon. Kyarketan da a ke tsarewa a irin waɗannan gidaje galibi tattaro su a ke yi daga wurare dabam-dabam. Ba su san juna ba, kuma wanda aka matsa wa ba shi da hanyar fita. Ku kamo zakaru goma daga ƙauyuka goma, na Zamare da na Wara da na Libata da sauransu, ku zuba su cikin akurki ɗaya ku rufe. Faɗa za ku gani. In wani baƙo ya leƙa akurkin ya tafi yana cewa haka zakara ke zama a gidan ubangijinsa, ai kun san bai san zakara ba.

Abin da aka gani a daji

Kyarkecin Turai yana tsoron mutum, don an daɗe ana harbinsa. Saboda haka da wuya a zauna kusa da shi a ga zamansa. Amma can ƙarshen arewacin Kanada akwai wani babban tsibiri, sunansa Ellesmere. Ƙasar ƙanƙara ce, mutane kaɗan ne a cikinta, kuma da bazara rana ba ta faɗuwa. Kyarketan wurin farare ne, ba su san bindiga ba, ba su gudun mutum. Tun daga 1986 shi David Mech ya riƙa zuwa can ko wace bazara, ya zauna kusa da raminsu yana kallo. Bayan bazara 13 ya buga abin da ya gani, a 1999. Ya ce a duk tsawon lokacin nan bai ga an yi faɗan neman shugabanci ba ko sau ɗaya. Ya kuma daɗe yana roƙon masu buga littafinsa na fari su daina buga shi. Gani ya kori ji.

Ga abin da ya tarar. Garken kyarkeci gida ne. Akwai uba, akwai uwa, akwai 'ya'yan bana, da na bara, wani lokaci da na bara waccan. Shi ke nan. Waɗanda a ke kira alfa su ne uba da uwa. Ba su yi kokawa da kowa ba kafin su sami girman. Namiji ya bar gidansu, mace ta bar nasu, suka haɗu a wani dajin da ba mai shi, suka haihu. 'Ya'ya suka tashi suka ga iyaye a gaba, suka bi.

Mu manoma ba mu bukatar dogon bayani a nan, gama mun san gandu. Maigida yana gaba, 'ya'yansa suna noma tare da shi, ana ci daga rumbu ɗaya. Ba wanda ya ce maigida ya ka da 'ya'yansa a dambe kafin ya zama maigida. In ɗa ya isa, ya ga zaman ya ishe shi, sai ya ware ya kafa nasa. Kyarkeci ma haka ya ke yi. Yana shekara 1 zuwa 3 sai ya bar gida. Wani ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ya sami mata da daji. In ya samu, shi ma ya zama maigida. Watau ko wane ɗan kyarkeci, in ya yi tsawon rai, yana iya zama babba ba tare da ya tuɓe ubansa ba.

Aiki a rabe ya ke. Uwa ta kan yi ciki wata 2, ta haifi 'ya'ya 4 zuwa 6 a cikin rami. Sha'anin rami da 'ya'ya ita ke da magana. In uba ya kawo nama bakin rami, karɓewa ta ke yi daga bakinsa, shi kuwa ya sakar mata. Sha'anin farauta da tafiyar neman abinci kuwa, galibi uba ke ja. In an ka da babbar dabba, kowa ya kewaye ya ci tare. In naman kaɗan ne, iyaye ke riƙe shi, su ne ke rabo. Sa'ad da abinci ya yi wuya su kan hana 'ya'yan bara, su ba na bana. Wanda ya ga uba yana yi wa babban ɗansa gurnani a kan nama zai ce mulki ya ke nunawa. Alhali ƙananan ya ke tsare wa.

Akwai ladabi a tsakaninsu, kuma ana ganinsa da ido. Babba ya kan tsaya a miƙe, wutsiya sama, kunne a tsaye. Ƙarami ya kan rusuna, ya kwantar da kunne, ya sauke wutsiya, ya matso yana lasar bakin babban. Wannan lasar baki tana da asali. Sa'ad da ya ke jariri, in ya lashi bakin babba, sai babban ya amayo masa naman da ya haɗiyo daga wurin farauta. Da ya girma sai roƙon abincin ya zama gaisuwa. Har wa yau, in an zo iyakar dajinsu, uba da uwa ne ke ɗaga ƙafa su yi fitsari a kan kututture, don maƙwabta su san wurin da mai shi.

Inda faɗan ya ke

Kada mu ɗauka kyarkeci ba ya faɗa. Yana yi, har da kisa. Amma mugun faɗansa da na wani gida ne, a kan iyaka, kamar yadda rikicin gona ya kan tashi a kan kunya ɗaya.

A Amurka akwai wani babban gandun daji, sunansa Yellowstone. An ƙarar da kyarketansa da harbi da guba tun wajen 1926. A 1995 da 1996 aka kawo guda 31 daga Kanada aka sake su a ciki. Tun daga ranar ma'aikata ke binsu da madubin hangen nesa, sun ba ko wanne lamba, suna rubuta haihuwarsu da mutuwarsu. Sun ga cewa a cikin gandun, abin da ya fi kashe babban kyarkeci shi ne kyarkecin wani gida. Sun ga gidan da ya fi yawa shi ya fi yin nasara, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Sun kuma ga wani abu da ba a zata ba. Gidan da ke da tsoho, mai shekara 6 ko fiye, ya fi samun galaba, ko da ya ke tsohon haƙoransa sun soma lalacewa, gudunsa ya ragu. Shi ya ga faɗa da yawa. Ya san lokacin da a ke tsayawa da lokacin da a ke janyewa.

A gandun nan abinci ya yi yawa, har waɗansu gidaje suka cika, mata biyu ko uku suka riƙa haihuwa a gida ɗaya. A irin wannan gida a kan sami kishi da danniya. Akwai wata mace mai lamba 40, uwar gidan wani garke. Muguwa ce. Ta kori uwarta da 'yar uwarta guda, ta riƙa cizon ɗayar 'yar uwar, mai lamba 42, ba dalili. A shekarar 2000 ta tafi ramin da 42 ta haihu. Kashegari aka same ta a bakin hanya da munanan raunuka, ta mutu. Ba wanda ya ga faɗan, amma alamu sun nuna matan gidan ne suka taru a kanta. Sai 42 ta kwashe 'ya'yanta ta kai su babban rami, ta haɗa da na marigayiyar ta rena su duka. A 2001 garken nan ya kai guda 37, yana cikin mafi girma da aka taɓa ƙidayawa.

In kuwa mutum ya kashe uba ko uwa, gida ya kan girgiza. A wani gandu da ke Alaska, sunansa Denali, an bi lissafin shekaru da yawa. Aka ga in ɗaya daga cikin iyayen ya mutu, kamar gida ɗaya cikin uku watsewa ya ke yi.

Kyarkecinmu

Yanzu mu komo gida. Kyarkecinmu ba ɗan uwan kare ba ne na kusa, ba su ma haihuwa da juna. Amma shi ma zaman gandu ya ke yi, har ya fi na Turai riƙon zumunci.

Ga yadda gidansa ke kafuwa. 'Yan mata 'yan uwan juna su kan bar gidansu tare. 'Yan maza 'yan uwan juna su ma su bar wani gidan tare. In ayarin biyu suka haɗu, suka yarda da juna, sabon gida ya tsaya. Mata suna da nasu jeri, maza suna da nasu. Cikin mata galibi babbar ce ke gaba. Ita da namiji guda su ne masu haihuwa. Sauran duka baffanni ne da innoni da yayye, aikinsu reno.

Uwar ta kan yi ciki kamar kwana 70. Ta kan nemi tsohon ramin dabgi ta gyara, ta haihu a ciki. 'Ya'ya goma ta kan haifa a ciki ɗaya, wani lokaci fiye. Ku duba, uwa ɗaya ba ta iya ci da baki goma. Shi ya sa ba a barin ko wace mace ta haihu. Da mata uku za su haihu tare, baki talatin ke nan, da yunwa ta kashe su duka. Wajen wata 3 gida ba ya nisa da ramin. Da asuba da la'asar a fita farautar mariya ko mazo ko gada ko ɗan gwanki. A bar mai tsaro a bakin rami, saboda kura da zaki. In an kama, a ci da sauri, a sheƙo gida da nama a ciki. A amayar wa 'ya'ya, a amayar wa uwa, a amayar wa mai tsaro. An sha ganin suna ci da gurgu da majinyaci ta haka, har ya warke.

Sa'ad da 'ya'ya suka isa bin farauta, sai a ga abin mamaki. Manya su sha gudu, su ka da dabba. Da 'ya'ya sun iso, sai manya su ja da baya, su tsaya suna gadi, ƙananan su ci su ƙoshi. Bayansu uwa da uba, kāna sauran. Wannan gata yana ƙarewa in ɗa ya shekara, aka sami na bayansa. A gidan zaki ba haka ba ne. Can namiji ke fara ci, ɗan da ya matso ya sha mari.

Da wuya a ga kyarkecinmu yana cizon ɗan gidansu a kan nama. In biyu suna son tsoka ɗaya, sai su shiga gasar roƙo. Ko wanne ya rusuna, ya yi 'yar ƙara kamar tsuntsu, yana lasar bakin ɗan uwansa. Wanda ya fi naci shi ke samu.

Kafin su fita farauta su kan yi taro. Wani ya tashi ya bi sauran yana ta da su, ana gaisawa, ana tsalle. Amma ba ko wane taro ke ƙarewa da tafiya ba. A ƙasar Botsuwana masana sun bi gida 5, suka ƙidaya irin wannan taro sau 68, suka buga a 2017. Sun lura ana yin atishawa a wurin taron, kuma in atishawar ta yi yawa sai a tashi. In uba ko uwa ne suka ta da taron, atishawa kamar 3 ta isa. In ƙarami ne ya tayar, sai ta kai kamar 10. Ashe maganar babba ta fi nauyi, amma ƙanana in sun taru su ma suna iya ta da gida. Mu da mu ke zaman shawara a ƙofar mai unguwa mun san irin wannan.

Kura da dila

Kura kuwa ba ta bi wannan hanya ba, kuma ya kamata mu faɗa, kada a ce duk namun daji ɗabi'arsu ɗaya. A wurin kura mai dabbare-dabbare jerin girma gaskiya ne, mai tsanani. Dangi ɗaya ya kan kai 50, wani har 80 inda nama ya yawaita. Mata ke mulki. Bahaushe da ya ce kura ta zo, kura ta tafi, bai kauce ba. 'Ya ta kan gaji matsayin uwarta, ta zauna dab da ƙasanta, don uwar na tsaya mata in an yi rigima. Ƙanwa ma ta kan hau kan yayarta, saboda uwa ta fi goyon bayan ƙarami. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Namiji in ya balaga sai ya bar danginsa ya shiga wani, ya zauna a can ƙarshen layi, ƙasa da 'ya'yan da aka haifa jiya. Ba ya hawa da faɗa, sai dai ya jira na gabansa su mutu ko su tashi. A wurin nama mai matsayi ke fara ci, shi ya sa 'ya'yanta suka fi saurin girma. Ko a nan ma, ku lura, ƙarfin jiki bai isa ba. Wadda ta fi magoya baya ita ke sama.

Dila, malamin daji, zamansa mata da miji ne, wani lokaci da ɗan bara mai taya reno. A 2015 masana suka gwada jinin dilan nan mai launin ƙasa na ƙasashen Sahel da arewacin Afirka. Suka tarar ya fi kusa da kyarkecin Turai bisa ga dilan Asiya da a ke haɗa shi da shi. Ashe ɗan uwan baƙon yana bayan garinmu.

Ina kyarkecinmu ya tafi?

A dā yana cikin dazuzzukan ƙasar nan, har da dajin Borgu da ke ƙetaren Kwara. Yau ko sawunsa ya yi wuyar gani a Nijeriya. A Afirka ta Yamma 'yan kaɗan suka rage, an fi sanin na gandun Niokolo-Koba a ƙasar Sanagal. A lissafin 2012 manyan da suka rage a Afirka duka kamar 6,600 ne, yawancinsu a gabas da kudu.

Dalilan suna da yawa. Na fari, daji. Gida ɗaya na kyarkeci yana bukatar dajin da ya kai murabba'in kilomita ɗaruruwa. Mu shaida ne ga yadda ƙasarmu ta sake. An soma gina madatsar Kainji a 1964, ruwa ya cika a 1968, ya ci fadamu da gungu-gungu da tsohon garin Bussa. Aka ta da mutum fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni a tudu. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka ci daji, hanyoyi suka ratsa shi. A 1979 aka haɗa dajin Borgu da na Zugurma aka yi Gandun Dajin Tafkin Kainji, mai murabba'in kilomita fiye da 5,000, aka hana farauta a ciki. Amma kyarkeci bai san iyakar gwamnati ba. Yana fita, a waje kuwa akwai tarko da bindiga da guba.

Na biyu, ƙiyayya. Yadda ya ke kashe dabba ba shi da kyaun gani, yana farke cikinta tun tana tsaye. Saboda haka a zamanin Turawa ma'aikatan daji da kansu suka riƙa harbinsa a ƙasashe da yawa, suna cewa ɓarna ce kawai. A ƙasar da a ke kira Zimbabuwe yanzu an kashe fiye da 3,000 tsakanin 1956 da 1975. Makiyayi ma yana da nasa kuka, kuma gaskiya ne, kyarkeci ya kan kama akuya da tunkiya. Sai dai a arewacin Kenya an lura cewa inda namun daji ba su ƙare ba, kuma ana bin dabbobi kiwo da rana ana kulle su da dare, da wuya ya taɓa na gida. Ba a san shi da faɗa wa mutane ba.

Na uku, cuta. Haukan kare yana kama shi, daga karnukan ƙauye. Dabbar da ke gaisuwa baki da baki, in ɗaya ya ɗauka, gida duka ya ɗauka. A filin Serengeti na ƙasar Tanzaniya kyarketai sun ɓace a 1991, kuma haukan kare yana cikin abin da aka zarga. A nan amfaninmu da nasa ɗaya ne. Mu kai karnukanmu wurin malamin dabbobi a yi musu allura. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, ya tafi asibiti ran nan, kada ya jira ya ga alama. In alamar cutar ta bayyana, magani ya ƙare.

Abin da ya sa waɗannan masifu suka fi cin kyarkecinmu shi ne zaman nan nasa na gandu. Damisa in aka kashe ɗaya, ɗaya aka rasa. Kyarkeci kuwa, a ce gida mai manya goma ne, tarko ya ci uku, cuta ta ci biyu. Saura biyar. Uwa tana rami. In aka bar mai tsaro, mafarauta uku ne kaɗai, ba su iya kawo abin da zai ishi baki goma, kuma kura na iya ƙwace abin da suka kama. In ba a bar mai tsaro ba, a komo a tarar an cinye 'ya'ya. Masana sun lura gidan da manyansa suka kasa biyar da ƙyar ya ke raya 'ya'ya. Ba sai an kashe su duka ba. In aka rage su, sauran su kan ƙare da kansu. In kuwa uwar gida ce ta faɗa tarko tana shayarwa, haihuwar shekarar ta tafi gaba ɗaya.

Guba ita ce mafi muni. Mutum ya zuba ta a mushen saniya don kura guda da ta yi masa ɓarna. Dangin kura su ci, dila ya ci, ungulaye su sauka su ci, karen maƙwabci ya ci. Ruwan sama ya wanke saura zuwa rafin da a ke sha, rafin kuwa tafki ya nufa, inda masuntanmu ke jefa taru. Shinge mai ƙarfi na ƙaya da kare mai haushi sun fi ta araha.

Aikin wannan mako

Ko wane ɗan aji ya nemi tsoho guda a ƙauyensu, maharbi ko makiyayi ko masunci. Ya tambaye shi ko ya taɓa ganin kyarkeci da idonsa, ko ubansa ya ba shi labari. A wane daji ne? Kafin ruwan Kainji ya zo ne ko bayansa? Su nawa ne, kuma me su ke kora? Ya kuma tambayi sunan dabbar da Gunganci da Kambarci da Shanganci da Dukkanci da Fulatanci, gwargwadon harshen da a ke yi a wurin. Ya rubuta amsar da hannunsa, ko layi biyar ne, ya sa sunan dajin da shekarar in an tuna. Ran Litinin kowa ya karanta nasa a gaban aji, malam ya tara takardun wuri ɗaya.